Ran Da Nono Ya Ɗauke: Tarihin Mai Jego Da Tashin Hankali A Ƙasar Daura

  Shirin yau na tarihi ne kamar kullum, sai dai zan faro shi daga ɗakina, don a can abin ya same ni kafin in je neman sa a littattafai.

A watan Yulin 2023 na haifi 'yata ta biyu a nan Daura. Ana gama suna da 'yan kwanaki sojoji suka kifar da gwamnati a Nijar, ranar 26 ga wata, ba a jima ba Najeriya ta rufe iyaka. Maigidana fatauci yake yi ta Kwangwalam zuwa Matamaye da Damagaram, kayansa suka maƙale a tsallake, rabin kuɗin kuma na mutane ne. Ga shi wata biyu ke nan da cire tallafin mai, komai ya yi tashin gwauron zabo. Masu bashi suka fara sallama tun da asuba. Ni ina ɗaki ina jin komai.

A mako na uku yarinya ta fara wani irin kuka. In sa ta a nono, ta ja kaɗan, ta saki, ta banƙare. In matsa, sai ɗigo biyu ko uku. Uwar mijina ta leƙo ta ce, “Anya nonon nan bai tsinke ba?” Wata maƙwabciya ta ce a sayo madarar gwangwani kawai a huta, da muka tambayi kuɗinta sai muka ga gwangwani ɗaya ya fi cefanenmu na kwanaki. Wallahi daren nan na yi kuka fiye da jaririyar.

Kakata ce ta zo daga ƙauyenmu na wajen Zango. Ta dube ni ta ce, “Ke kishiyata, nononki na nan, hankalinki ne ba ya nan. Ni na shayar da ubanki a shekarar fari, tuwon dusa muke ci, bai mutu ba.” Shekarar 1973 take nufi. Wannan maganar ce ta sa daga baya na shiga bin diddigi: da can in nono ya ɗauke a ƙasar Daura, me ake yi? Kuma yunwa ce ke ɗauke shi, ko tashin hankali?

Bari mu koma baya. Ƙasar Daura, wato Daura da Zango da Baure da Mai'adua da Sandamu, ƙasar jigawa ce, ta gero da wake da riɗi, damina gajera. Ba baƙuwar wahala ba ce. Bayan jihadi a farkon ƙarni na 19 gidan sarautar Haɓe ya bar birni ya rabu tsakanin Zango da Baure, aka yi kusan shekara ɗari ana zaman ɗar-ɗar a bakin iyakar Damagaram, har Turawa suka dawo da Sarki Musa daga Zango a farkon ƙarni na 20. M. G. Smith ya rubuta littafi guda a kan wannan, The Affairs of Daura, a 1978. Littafin sarakuna ne da hakimai da yaƙi. Mai jegon da ta tsere cikin dare da jariri a baya ba ta samu shiga irin waɗannan littattafan ba, sai dai mu tsinto labarinta daga gefe.

Sarki Abdurrahman ɗan Musa ya yi fiye da shekara hamsin a kan gado, har 1966, kuma a zamaninsa aka yi manyan yunwoyin da tsofaffi ke kira da suna. Michael Watts, wanda ya zauna a Kaita nan kusa da mu ya rubuta Silent Violence a 1983, ya bi su ɗaya bayan ɗaya: Ƙaƙalaba ta 1913 zuwa 1914, 'Yan Buhu ta 1927, 'Yar Gusau ta 1942, da wata a 1954. Hujjarsa ita ce rashin ruwa kaɗai bai isa ya kashe mutane haka ba, haraji da kuɗi da noman gyaɗa don sayarwa sun riga sun rage abin da ke cikin rumbu kafin fari ya zo. A Ƙaƙalaba mutane sun kwararo daga ƙasar da Faransa ke mulka suna neman hatsi a kudu, Daura kuwa a kan hanya take. Sai kuma farin 1973 da na 1984 a zamanin Sarki Muhammadu Bashar, wanda iyayenmu suka gani da idonsu.

To a duk waɗannan shekarun babu madarar gwangwani a ƙauye. Jaririn da bai samu nono ba, sai dai nonon akuya ko na saniya, ko kunu mai ruwa-ruwa, kuma kowa ya san da wuya ya kai labari. Saboda haka al'umma ta gina wa mai jego katanga. Wannan katangar ita ce jego.

Ku duba yadda tsarin yake. Mace mai cikin fari a kan mai da ita gidan iyayenta goyon ciki, ko ta tafi wankan gida bayan haihuwa. Kwana arba'in ba ta daka, ba ta surfe, ba ta zuwa rijiya, ba ta girki. Ungozoma ko wata tsohuwa ce ke dafa ruwa safe da yamma ta yi mata wanka da ganye, ta wanke jariri. Miji ya tara itace tun ciki na wata bakwai, ya kawo gero da kayan yaji, a yi ƙauri, a dama kunu. Kullum akwai hannun da zai karɓi yaro in ta gaji. Baba ta Karo, tsohuwar ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin irin wannan wanka na tsawon watanni da shayarwa ta kusan shekara biyu kafin yaye. Abin da kakata ta kwatanta min na Zango bai bambanta da shi sosai ba.

In duk da haka nono ya yi ƙaranci, akwai matakai. Na farko abinci: kunun gyaɗa, kunun kanwa, fura da nono, romo mai yaji. Na biyu tsirrai. Akwai wata 'yar ciyawa mai farin ƙaro da muke kira nonon kurciya, sunan kansa ya gaya maka aikin da ake nema ta yi. Likita J. M. Dalziel, wanda ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, ya sa ta a cikin littafinsa, kuma a ƙasashe da yawa na Afirka ta Yamma ana ba mai shayarwa ita. Na uku, in abin ya ƙi ko uwa ta rasu, wata mace a dangi ta karɓi yaron ta shayar. Musulunci ya tsara wannan dalla-dalla: Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu ga wanda yake son cika shayarwa, ya halatta a nemi wata ta shayar, shari'a kuma ta mai da 'yan'uwan shan nono muharramai. Shi ya sa tsofaffi ke riƙe lissafin wa ya sha nonon wa kamar yadda ake riƙe lissafin gado. Kuma kun san labarin Nana Halimatu Sa'adiyya: shekarar fari ce ta fito neman ɗan raino, nononta bai isar ɗanta ba, yana hana su barci da kuka, har Allah Ya haɗa ta da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, nono ya wadata. Wato koke-koken mai shayarwa a shekarar wahala tsoho ne ƙwarai.

Amma kada in yi wa da can kwalliyar da ba ta da ita. Cikin wannan tsari akwai abubuwan da suka cuci jarirai da iyayensu. Daƙashi, wato nonon farko mai kauri rawaya, a wurare da yawa matse shi ake yi a zubar, a ce ƙazanta ne, a riƙa ba jariri ruwa ko nonon dabba har kwana biyu ko uku. Alhali shi ne rigakafin farko na yaro, kuma tsotson kwanakin farko shi ke kiran nono ya zo da wuri. Akwai kuma gwajin nono: a matsa shi a ludayi a jefa cinnaka ko tururuwa, in ta fita nono lafiyayye ne, in ta mutu an ce mugu ne sai an wanke shi da magani. Ku yi tunanin yarinya 'yar shekara goma sha biyar, haihuwar fari, tana zaune tsofaffi sun kewaye ta ana jiran hukuncin cinnaka. Ga kuma kunyar ɗan fari, wadda ke hana ta ɗaukar yaron ta ba shi nono a gaban mutane sai an matsa mata.

Wankan ma da kunun kanwa suna da nasu. A 1978 likitoci biyu na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Davidson da Parry, suka buga bincike a kan mata fiye da 200 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi wuya. Sun danganta yawan abin da ruwan zafi mai tsanani, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da yawan kanwa, wadda gishiri ce da ke tara ruwa a jiki ta ɗora wa zuciya nauyi. Har yau ana ganin wannan ciwo a asibitocin Arewa. Don haka duk wadda ta ce miki ki ƙara kanwa nono zai zo, ki yi hattara.

Yanzu ga tambayar kakata: yunwa ko hankali? A nan sai mun fita waje.

Sinadarai biyu ne ke tafiyar da nono. Ɗaya furolaktin, shi ke sa jiki ya haɗa nonon, kuma yawan tsotso ne ke ƙara shi, musamman na dare. Ɗayan oksitosin, shi ke matse 'yan jakunkunan da nono ke taruwa a ciki ya turo shi zuwa kan mama. Shi ne wannan tsirrr da mai shayarwa ke ji, har nono ya zubo don kawai ta ji kukan ɗanta daga wani ɗaki. Tun 1910 masana suka gano cewa wani abu daga ƙasan ƙwaƙwalwa ne ke turo nono, a 1953 kuma Vincent du Vigneaud ya haɗa oksitosin a ɗakin gwaji, ya samu kyautar Nobel a 1955.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na wasu mata da miji a Amurka, Niles Newton da Michael Newton, a 1948. Sun riƙa auna jariri kafin ya sha da bayan ya sha. In an bar uwar cikin natsuwa, yana samun kimanin giram 168. Sai suka riƙa takura mata tana cikin shayarwa: a tsoma ƙafarta a ruwan ƙanƙara, a ja mata yatsun ƙafa, a riƙa jefa mata tambayoyin lissafi. Abin da yaro ke samu ya faɗo zuwa giram 99. Da aka yi mata allurar oksitosin alhali ana ci gaba da takurar, sai ya koma 153. Mace ɗaya ce aka gwada, ƙaramin gwaji ne, amma binciken da ya biyo baya ya gaskata shi. Ma'anarsa: nonon yana nan cikin mama, tsoro ko zafi ko kunya ne suka riƙe ƙofa. Duk Bafulatanar da ke tatsa ta san wannan, in aka firgita saniya ko aka janye ɗan maraƙinta, sai ta riƙe nono.

Ta ɓangaren abinci kuma, a ƙauyen Keneba na ƙasar Gambiya, inda su ma damina ce lokacin yunwa da aikin gona kamar mu, masu bincike daga Ingila ƙarƙashin Whitehead da Prentice sun ƙara wa mata masu shayarwa abinci mai yawa kullum, suka buga sakamakon a 1980. Matan sun ji ƙarfin jikinsu, amma yawan nonon bai ƙaru ba. Jikin uwa yana fifita jariri, yana ɗiba daga nata ya ba shi. Sai yunwa ta yi tsanani ƙwarai sannan nono ke raguwa sosai. Wannan ba hujja ba ce ta barin mai jego da yunwa, don ita ce ke biyan bashin da jininta da ƙashinta, kuma shayarwa na cin kusan kalori 500 a rana. Amma ya nuna kakata ta yi gaskiya game da 1973.

Inda haɗarin yake shi ne abin da ke biyo bayan daren farko. Tashin hankali ya riƙe nono, yaro ya yi kuka, a ce bai ƙoshi ba, a ba shi ruwa ko madara. Cikinsa ya cika, ya rage tsotso. Mama ta ga ba a kwashewa, ta rage haɗawa. Cikin mako biyu abin da ya fara a matsayin tsoro ya zama gaskiya, nono ya ragu da gaske. Masu tallar madarar gwangwani sun daɗe da sanin wannan mashigar. Tun 1939 likita Cicely Williams, wadda ta yi aiki a Gana ta bayyana ciwon kwashiyoko, ta yi jawabi a Singafo tana kiran tallar madara ga talakawa kisan kai. A 1974 ƙungiyar War on Want ta fitar da rahoton The Baby Killer, a 1977 aka fara ƙaurace wa kayan Nestlé a Amurka, a 1981 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ƙa'idar hana tallar madarar jarirai, ƙasashe 118 suka yarda, Amurka kaɗai ta ƙi. Najeriya ta yi tata dokar a 1990. Matsalar a wurinmu a bayyane take: gwangwani na da tsada sai a tsinka shi da ruwa don ya daɗe, ruwan na rijiya ne ko na 'yan garuwa, kwalbar ba ta wankuwa da kyau, sai gudawa, sai tamowa.

A wurinmu ma, in za a faɗi gaskiya, ruwa ya fi gwangwani yin ɓarna, don kusan kowace mace a ƙasar Daura tana shayarwa, har shekara ɗaya da rabi ko biyu. Sai dai in ka ce kada a ba jariri ruwa a zafin Afrilu, za a ce ba ka da imani. Alhali kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla, daga kashi 17 a 2013, kuma a jihar Katsina kusan yara shida cikin goma sun tsumbure. A Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar saboda tamowa. Ba duka ne matsalar nono ba, akwai tsadar abinci da rashin tsaro da cututtuka, amma da yawansu daga watannin farko hanyar ta fara karkacewa.

Ni abin da na lura da shi a tarihin nan, kuma ra'ayina ne, shi ne mun yi zaɓen tumun dare. Daga tsohon jego mun riƙe kanwa da tafasasshen ruwa da ba jariri ruwa, mun saki hutun. Yau mace na haihuwa a gidan haya, uwarta na wani gari, kwana goma ta tashi ta kama girki da wanki da kai yara makaranta, waya na hannunta tana kawo mata labarin 'yan bindiga da farashin masara. Wata kuma tana cikin arba'in za ta ji ana shirin yi mata kishiya, tunda mai jego ba ta da amfani a ɗaki. Sannan a dawo a ce nononta ne ba shi da kyau.

Kada kuma a ce komai damuwa ce. Akwai ƙarancin nono na gaske da ke buƙatar asibiti. Macen da ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, nono ya ƙi zuwa sam, tana iya samun lahani a wannan ƙullin na ƙasan ƙwaƙwalwa, ciwon da Harold Sheehan ya bayyana a 1937. Ragowar mabiyiya a mahaifa na hana nono zuwa. Wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin istirojin na rage shi, haka sabon ciki. Sau da yawa kuma kamun ne bai yi ba: yaro ya kama tsinin kawai bai cika baki da baƙin da ke kewaye ba, uwa na jin zafi, shi ba ya samun komai. Sannan akwai baƙin cikin bayan haihuwa, wanda muke kira iska ko shafar aljanu, alhali ciwo ne da ake magani. Ma'aunin da ma'aikatan lafiya ke amfani da shi ba kuka ba ne, ba kuma abin da kika matso da hannu ba: in bayan kwana biyar yaro na fitsari sau shida ko fiye a yini da dare, kuma nauyinsa na hawa a kan sikeli, to yana samu. In fitsari ya yi ƙaranci, ko ya yi laushi ba ya iya tsotso, ko maɗigarsa ta faɗa, wannan ba na jira ba ne, a tafi asibiti a ranar.

Ga yadda tawa ta ƙare. Kakata ba ta san oksitosin ba, amma ta san aikinta. Ta sa maigidana ya koma ganawa da masu bashi a shagon ƙaninsa, ta ce duk wanda ya sake sallama a ƙofar nan da ita zai yi magana. Ta karɓe wayata ta jefa a cikin kwalla. Ta tura babbar 'yata gidan goggonta. Ta ce in cire riga in kwantar da jaririyar a ƙirjina fata da fata in lulluɓe mu, duk lokacin da ta motsa baki in ba ta, ko sau ashirin ne. Mun yi rigima a kan abu biyu: ta so a ba yarinya ruwa na ƙi, ta so ta zuba kanwa a kunu na ce a bar shi na gyaɗa. Ta ce, “Ku 'yan boko da iyayi,” amma ta bari. A rana ta huɗu cikin dare na farka na ji rigar shimfiɗa ta jiƙe.

Da muka je awo a mako na shida, ma'aikaciyar ta ɗora ta a sikeli, ta duba kati, ta ce ta ƙaru yadda ake so, ta kuma gyara min yadda nake riƙe kanta. Iyaka ba a buɗe ta ba sai Maris na 2024, kayan maigidana rabi ya lalace, har yanzu muna biyan sauran bashin. Yarinyar ta sha nono wata ashirin da ɗaya, kakata ce ta zo da kanta ta ɗauke ta yaye zuwa Zango.